Riƙon 'ya'ya bayan rabuwa da miji mai duka

Tambaya: Mijina ya daɗe yana dukana, wani lokaci a gaban 'ya'yanmu. Na nemi rabuwa, ya ce sai na yi hul'i, wato na fanshi kaina da dukiya, kuma na bar masa yaran. Shin alƙali zai ba shi su?

Amsa: Allah ya kawo miki mafita, 'yar'uwa. Kotunan shari'ar Musulunci a arewacin Najeriya suna bin mazhabar Malikiyya, kuma a cikinta uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta rasu ko ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙo yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwar uwar yaran, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Uba yana can baya a jerin, duk da cewa ciyarwa da tufatarwa suna wuyansa ko a hannun wa yaran suke.

Abin da nake jiye miki shi ne sharaɗin hul'in nan. Mata da yawa, saboda gajiya da azaba, sukan yarda su sarayar da haƙƙin riƙo don kawai su tsira, daga baya kuma karɓo yaran ya yi wuya. Kada ki sa hannu a kan haka. Ki shigar da ƙarar cutarwa, domin idan ta tabbata alƙali yana da ikon raba auren ba tare da kin biya komai ba, kuma ko matar da ta riga ta fanshi kanta za a mayar mata da abin da ta bayar idan aka gano cutarwa ce ta tilasta ta.

Alƙali da hujja yake aiki, don haka ki adana takardar asibiti da hotunan raunuka da rahoton 'yan sanda, ki kuma nemi maƙwabtan da suka gani ko suka ji, tunda Malikiyya tana karɓar shaidar abin da ya yaɗu a unguwa kan cutar da mace. Ana sharɗanta wa mai riƙo amana da muhalli mai aminci, kuma a ganina gidan da yaro yake kallon ana dukan mahaifiyarsa bai cika wannan sharaɗi ba. Uba yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa, amma ki roƙi kotu ta ƙayyade wuri da lokaci, a gidan wani dattijo amintacce. A jihohin da suka karɓi dokar hana cin zarafi ta 2015, irin su Kaduna, ana iya neman umarnin kotu da zai hana shi kusantarki tun kafin a yanke hukunci.