Kafin ka ce a tsaya, leƙa tankin ruwa

Ɗana, jiya bayan fareti ka tambaye ni: idan sansani ya yi nisa da gida, abokan gaba kuma sun fi ƙarfi, a tsaya ne ko a kwashe? Har ka ƙara da cewa ja da baya abin kunya ne ga soja. Na ƙyale ka ka kwana da maganar, don na san jinin ƙuruciya ne.

Ni yawancin aikina a sito na yi shi, ina ƙirga harsashi da buhunan shinkafa, don haka ba da jarunta nake fara lissafi ba. Wa zai kawo ɗauki, ta wace hanya, cikin kwana nawa? Daga nan nake farawa.

Dubi yankin Somaliya da ke hannun Ingila a watan Agustan 1940. Da ma sun dogara ne da Faransawan Jibuti, sai Faransa ta faɗi a hannun Jamus a watan Yuni, aka bar su su kaɗai. Sojojin Italiya suka shigo daga Habasha da yawan da ya ninka nasu. Janar Godwin-Austen na Ingila ya tare su a mashigin Tug Argan na 'yan kwanaki, da ya ga za a yi masa zobe sai ya ja mutanensa zuwa tashar jiragen ruwa ta Berbera, jiragen ruwa suka tsallakar da su Aden. Churchill, Firaministan Ingila, ya fusata, wai ba a zubar da jinin da ya isa ba. Janar Wavell, babban kwamandan Ingila na Gabas ta Tsakiya, ya mayar masa da cewa yawan gawa ba shi ne shaidar iya yaƙi ba. A watan Maris na 1941 aka dawo daga Aden aka karɓe Berbera. Amma kada ka manta, 'yan Somaliyan rundunar raƙuma yawancinsu sallamarsu aka yi, jirgi ya tafi ya bar su. Mai mulkin mallaka yana da inda zai koma, ɗan ƙasa kuwa nan ne gidansa.

Hong Kong, wadda ita ma a lokacin tana hannun Ingila, ita ce ke ci mini rai. A watan Janairun 1941 Churchill da kansa ya rubuta cewa in Japan ta kawo hari ba a iya riƙe garin, ba a kuma iya kai masa ɗauki, gara ma a rage sojojin. Kafin shekara ta ƙare aka sauya ra'ayi, aka roƙi Kanada ta turo bataliya biyu, mutum 1,975. Sun sauka ranar 16 ga Nuwamba, motocinsu kuwa suna wani jirgin da bai taɓa isowa ba, a Manila ya tsaya. Ranar 8 ga Disamba Japan ta afka. Da madatsun ruwan tsibirin suka faɗa hannunta, famfo ya ƙafe, magana ta ƙare. Gwamna Mark Young ya miƙa wuya ranar 25 ga wata. 'Yan Kanada kusan 290 suka mutu a faɗan, fiye da 260 kuma a tsare.

Ka ga abin da aka yi? Ba a ba wurin ƙarfin da zai tsaya ba, ba a kuma kwashe shi ba. An bi tsakiya don kada a ji kunya a idon Sin da Amurka, aka ƙara wa kura nama. Akwai ranar da za a ce ka tsaya ka san ba mai zuwa, don wasu a bayanka su sami kwana goma su shirya. Wannan umarni ne, za ka bi. Amma in kai ne kake ba da shawara, ka iya faɗin abin da kwanakin nan za su saya, da kuma wa zai amfana.

Gobe da safe ka zo mini da taswirar da aka ba ku a aji. Ka sa alama a kan rijiyoyi da hanyar mota tukuna, ramukan bindiga daga baya.