Wace irin kujerar wanka ta dace da mahaifiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama wata takwas da suka wuce. Yanzu tana takawa da sanda, amma ba ta iya tsayawa ta yi wanka. Muna zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, sai dai wajen tashi sai mu biyu mun kama ta. Ƙanena ya ce mu koma farar kujerar roba. Wacce ta fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka muku da alheri.

'Yar'uwa, duka biyun ban yarda da su ba. 'Yar tsugunno ta yi ƙasa da yawa. Idan ƙugu ya faɗa ƙasa da gwiwa, tashi yana buƙatar ƙarfin cinyoyi biyu, ita kuwa Mama da ɗaya take aiki. Lokacin tashin nan ne ya fi haɗari, ga ruwan sabulu a ƙasa, ga jiki da santsi, ku ma masu ɗaga ta bayanku zai fara ciwo. Farar kujerar roba kuma ta taron biki ce: ƙafafunta na zamewa a kan tayil, suna buɗewa idan an faɗa mata da nauyi, wadda ta sha rana kuwa takan karye ba sallama.

Saboda haka kafin ki je kasuwa, ki ari tef ɗin tela. Ki zaunar da Mama ba takalmi, ki auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwarta. Tsayin kujerar ke nan, ko a ɗara da santimita biyu zuwa uku. Abin da ake so, tafin ƙafafunta duka su kwanta a ƙasa, ƙugunta ya ɗan fi gwiwa bisa. Idan ƙafa tana lilo, kujerar ta yi tsayi, Mama za ta riƙa sulalewa gaba. Yawancin kujerun wanka da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti ana iya ƙara musu tsayi ko a rage, daga kamar santimita 40 zuwa 55, don haka ki zaɓi irin wannan. Ki auna faɗin ƙofar banɗakin ma. Mutane da dama sai sun kawo kujera gida suke gano ba ta shiga.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki, kujerar da ba ta da majingina da hannuwa ba ta isa ba, domin jiki yakan karkata ɓangaren da ya raunana. Ki duba ƙafafun su zama na alminiyom don gudun tsatsa, kowace da robar da ke kama ƙasa, mazaunin kuma da hudojin da ruwa zai bi. Akwai masu yanke a gaba kamar bakin kofato, suna sauƙaƙa tsarki sosai ba tare da an miƙar da ita ba. Nauyin da kujera ke ɗauka yana rubuce a kwali ko a jikinta, galibi kilo 110 zuwa 135. In babu rubutun, ki bar musu abarsu.

Idan kuɗin ya yi yawa, mai walda zai iya haɗa muku da awon da kika ɗauka, amma lallai a sa robar ƙafa, a goge duk kaifi, a riƙa duba tsatsa.

Ki ɗora bokitin a kan wani abu ta hagunta, kada ta sunkuya ɗiban ruwa. A kafa ƙarfen riƙewa a bango da ƙusoshi masu ƙwari, shi ma ta hagu. Masu manne wa tayil da iska ba abin dogaro ba ne. Ruwan zafi kuma ki taɓa da hannunki tukuna, don ɓangaren da ya shanye wani lokaci ba ya jin ƙuna. Ranar da za ku koma sashen gashin ƙashi na asibiti, ki roƙi mai yi mata gashin ya nuna muku yadda za ta zauna ta tashi a kujerar.