Bayit nawa zan ware wa lamba? Amsoshin tambayoyinku kan karanta ɗanyen fayil

Tambaya: Malam, na rubuta shiri da harshen C mai karanta bayanan da ke farkon fayil ɗin sauti na WAV. A kan Windows yana aiki lafiya lau, amma da na kai shi kan Linux sai lambobin suka hargitse. Da long na yi amfani. In koma int ne, ko in haƙura in sayi wata kwamfuta mai Windows?

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, kwamfutar ba ta da laifi. Harshen C bai taɓa yi maka alkawarin ainihin girman int ko long ba, wato nau'o'in ma'ajiyar cikakkiyar lamba. Abin da ya ce kawai shi ne int ba zai gaza bit 16 ba, long kuma ba zai gaza bit 32 ba (bit 8 ne ke yin bayit ɗaya). A Windows mai bit 64, long bayit 4 ne. A Linux da macOS masu bit 64, bayit 8 ne. Shi kuwa fayil ɗin WAV bayit 4 ya ware wa girman fayil, bayit 4 ga yawan samfurin sauti a daƙiƙa, bayit 2 ga yawan tashoshi. Da ka ɗebi 8 a gurbin 4, ka cinye rabon na gaba, duk abin da ya biyo baya kuma ya goce daga mazauninsa.

Komawa int zai yi maka aiki yau, tunda bayit 4 ne a yawancin kwamfutocin zamani, amma ban ba ka wannan shawara ba. Tun ƙa'idar C ta 1999 akwai stdint.h, mai ɗauke da uint8_t, uint16_t, uint32_t da uint64_t, waɗanda girmansu ke rubuce a jikin sunansu. Su za ka zaɓa, gwargwadon abin da takardar tsarin fayil ɗin ta faɗa. Fayil ɗin ne ke yanke girman lamba, ba na'urarka ba.

Ƙarin abu biyu, tunda na san za ka ci karo da su. Ka buɗe fayil da "rb", domin in ka sa "r" kaɗai, Windows za ta taɓa bayit ɗin ƙarshen layi, kuma tana iya tsayawa idan ta tarar da bayit 1A (a rubutun hex, wato ƙirga mai tushe 16 da ake nuna bayit da ita). Sannan kada ka zuba fayil kai tsaye cikin struct, wato tsarin C mai haɗa filaye da yawa wuri ɗaya, saboda kwamfaila, manhajar da ke juya rubutunka zuwa harshen na'ura, kan cusa bayit na cike gurbi tsakanin filaye. Kan fayil ɗin hoto na BMP bayit 14 ne, amma struct ɗinsa kan fito 16. Ka karanta fili ɗaya bayan ɗaya, ko da aikin ya fi tsawo.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, da Java nake aiki. Na karanta bayit 4 daidai da readInt, ina jiran 44,100, sai na ga 1,152,122,880. Ina na kauce?

'Yar'uwa, girman daidai ne, jerin ne ya juye. A cikin WAV an ajiye 44,100 a matsayin 44 AC 00 00, wato ƙaramin bayit ne a gaba, yadda na'urorin Intel da AMD ke yi. Shi kuwa readInt na DataInputStream babban bayit yake sa ran gani a gaba, shi ya sa ya ba ki wannan ƙatuwar lamba. Ki koma ByteBuffer, ki saita jerinsa zuwa LITTLE_ENDIAN. Sai dai kada ki ɗauka haka kowane fayil yake: PNG babban bayit yake sawa a gaba, ZIP da BMP kuma ƙarami. Ki kuma kula cewa byte a Java daga -128 zuwa 127 yake, don haka FF zai fito miki -1 sai kin tace shi da & 0xFF ki sami 255.

Tambaya: Ya kamata in sayi 010 Editor don leƙa cikin fayil, ko na kyauta sun wadatar?

Fara da na kyauta. HxD a Windows, xxd a Linux, ko ImHex da ke aiki a duka biyun, kowannensu zai nuna maka bayit ɗin a fili. Buɗe hoton PNG ka ga 89 50 4E 47 a farko, ka ƙirga daga sifili zuwa gurbi na 16 ka karanta faɗin hoton da idonka; wannan atisayen yana koyar da abu mai yawa. Ƙarfin 010 Editor yana cikin samfuran da ke rarrabe filayen fayil da kansu. Idan wannan ne sana'arka ta kullum, ya ci kuɗinsa. Mai koyo bai kai ga buƙatarsa ba tukuna.

Tambaya: Ina tsara fayil ɗin kaina. Me zai hana in sa komai a bit 64 in huta?

Ga girman fayil da lokaci, sa 64 ɗin ba tare da shakka ba. Lamba mai bit 32 marar alamar ragi tana ƙarewa a 4,294,967,295, shi ya sa WAV na asali ba ya wuce kusan gigabayit 4, shi kuwa agogon Unix mai bit 32, wanda ke ƙirga daƙiƙoƙi da lamba mai alamar ragi, zai cika a ranar 19 ga Janairu, 2038. Amma ga abin da ake maimaitawa sau miliyoyi, kamar samfurin sauti ko ɗigon hoto, bayit 8 a inda 2 suka isa zai ninka fayil ɗin sau huɗu a banza. Ka rubuta girman kowane fili da jerin bayit ɗinsa a takarda, sannan ka ware bayit 2 a farkon fayil don lambar siga, yadda shirinka zai gane tsohon fayil idan ka sauya tsarin nan gaba.