Na hana 'ya'yana zuwa makaranta don tsoron 'yan bindiga, laifin wa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Firamaren ƙauyenmu ba katanga, iska ta yaye rufin aji biyu, malami ɗaya ke zuwa. Tun da aka fara kwashe ɗalibai na hana 'ya'yana mata zuwa. Ina kuma da yaro makaho da aka ƙi karɓa. Zunubin a kaina yake ko a kan hukuma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Kaso mafi nauyi yana wuyan hukuma. Annabi (SAW) ya ce shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Neman ilimi wajibi ne, ƙa'ida kuwa ita ce duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma wajibi ne. Katanga, mai gadi, rufi da albashin malami duk sun shiga nan. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, koyar da yaran Madina ne fansarsa. Annabi (SAW), a matsayinsa na shugaba, shi ya tsara haka da kansa.

Gwamnatin ma ta ɗaura wa kanta alkawari. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Wanda ya ce tilas, sannan aka ga sace ɗalibai a Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, ba shi da bakin zargin uban da ya tsorata.

Ɗanka makaho yana da haƙƙi daidai da kowa. A kan makaho mai neman ilimi, Ibnu Ummi Maktum, Suratu Abasa ta sauka. Ƙin karɓar ɗanka zalunci ne.

Kai kuma, in haɗarin tabbatacce ne, babu laifi ka tsare su a gida, don kare rai na gaba. Amma uzurinka na hana zuwa wannan ginin ne kawai, bai halatta maka barin su cikin jahilci ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata ba karatu. Ka nema musu makaranta inda ke da aminci, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku ɗauki malama a zaure. Ku iyaye ku kai kuka a rubuce ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta hannun dagaci, kuma kada ku gaji da bibiya.

Wallahu a'alam.