Adalci, Ganin Ido da Tukunyar Tuwon Gobe

Wata mai karatu ta rubuto tana tambaya: "Malam, a majami'a ana yawan cewa 'mai adalci', alhali ni a sanina adalci aikin alƙali ne. Ga kuma karin maganar nan, 'Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.' Wanda ya yi alheri yana sa ran zai dawo masa, aikinsa na adalci ne a koyarwar Kirista?"

Malama, kin yi gaskiya. Adalci daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin Bahaushe tana nufin ba kowa haƙƙinsa, kamar a shari'a ko rabon gado. Amma masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fara fitowa cikakke da Hausa a 1932 da ƙoƙarin su Dakta Walter Miller, sun ɗora mata ƙarin kaya. Kalmar Helenanci da ke Sabon Alkawari, wadda suka fassara da "adalci", ta haɗa abu biyu: yi wa mutane daidai, da zama daidai a gaban Allah. Na biyun ne ake nufi a majami'a.

A Matiyu sura 6 Yesu ya ɗauki ayyuka uku da babu mai kushe su: sadaka, addu'a da azumi. Bai ce a bar ko ɗaya ba. Ya ce wanda ya yi su don mutane su yaba, ya riga ya karɓi ladansa. Hausa tana da sunan wannan ciwo har biyu, riya da ganin ido, kuma riyar ma daga tushen "gani" ta fito a Larabci. Kishiyarsu ita ce maganar da nake ƙauna ƙwarai, "tsakani da Allah". Dubi ginin ta: kai ne da Allah, babu na uku. Mutum biyu za su iya miƙa wa mabukaci kwano iri ɗaya, ɗaya idonsa na kan fuskar mai karɓa, ɗaya yana waigen ko an gan shi. Manzo Bulus ya kai maganar ƙarshe a 1 Korintiyawa 13:3, cewa ko mutum ya rabar da dukan mallakarsa, in babu ƙauna, bai amfana da komai ba.

Karin maganar danƙo ba ta saɓa wa wannan ba. Tana faɗin halin alheri ne, ba ta ce saboda haka za a yi shi ba. Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce "Don tuwon gobe ake wanke tukunya." Nasiha ce mai kyau ga tanadi da riƙon amana, amma da zarar an shigo da ita harkar taimako, alheri ya koma bashi. Shi ya sa a Luka 14:12-14 Yesu ya ce in za ka yi liyafa ka kira matalauta, guragu da makafi, don ba su da abin rama maka.

Sa rai kansa ba laifi ba ne, domin Matiyu 6 ɗin ma ta ce Uba mai gani a ɓoye zai sāka. Abin dubawa shi ne daga hannun wa ake jira.

Sannan ki lura, Littafi Mai Tsarki na Hausa da "alheri" yake kiran kyautar da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba. Afisawa 2:8-10 ta ce ta wannan alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, sai ta ƙara da cewa an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Wato ga Kirista aikin kirki yana biyo bayan abin da ya riga ya karɓa kyauta, ba kuɗin sayen sa ba ne.