Likita ɗaya ya rubuta 4, wani ya rubuta 3: amsar tambayar Hajiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Hajiya, na saurari saƙonki, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in amsa da murya, don in na ce zan rubuta abin zai yi tsawo. Kin ce watan jiya likita ya gwada ƙarfin ƙafar Baba ya rubuta 4/5, wannan zuwan kuma wani likitan daban ya gwada ya rubuta 3/5, shi ne hankalinki ya tashi ko ƙafar ce take ƙara mutuwa.

To, ki kwantar da hankalinki tukuna. Wannan makin na 0 zuwa 5 daga Birtaniya ya fito, majalisarsu ta binciken lafiya ce ta tsara shi a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, saboda sojojin da harsashi ya lalata musu jijiyoyi. 0, tsoka ba ta ko motsi. 1, za ka ga tana ɗan rawa amma gaɓar ba ta tashi. 2, gaɓar tana motsi amma sai an kwantar da ita yadda nauyinta ba zai ja ta ƙasa ba. 3, mutum zai ɗaga ƙafar da kansa. 4, zai ɗaga ko da ana danna masa. 5 kuma lafiya lau.

Kin ga daga 0 zuwa 3 ido ne yake gani, likitoci biyu ba su cika saɓawa ba. Rikicin daga 4 yake farawa, domin a nan ma'aunin shi ne hannun mai gwajin. Ƙato ya danna ƙafar dattijo da ƙarfinsa, ƙafar ta faɗi, ya ce ai 3 ce. Wata mai sauƙin hannu ta danna a hankali, ƙafar ta tsaya, ta ce 4. Kuma dukansu ba ƙarya suka yi ba fa! Sannan 4 ɗin nan faɗi gare ta ƙwarai, wanda da ƙyar yake tura hannunka da wanda ya kusa warkewa sarai duk a cikinta suke. Shi ya sa za ku ga wasu suna ƙara 4+ ko 4-, wanda ni dai a ganina bai raba gardamar ba.

Ga kuma shi mara lafiyar. Ya yi barci ko bai yi ba? Gwiwar tana masa ciwo ranar? Ya fahimci abin da aka ce ya yi? Mutum in yana jin zafi ba zai taɓa ba ka ƙarfinsa duka ba.

Na'ura ta fi hannu tsayawa kan magana ɗaya, wannan gaskiya ne. Akwai wadda ake matsawa da tafin hannu, irin su Jamar, tana nuna ƙarfin da kilo. Amma ita ma da ƙa'idarta: a zaune, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, a matsa sau uku. In yau an gwada a zaune, gobe a tsaye da hannu a miƙe, ba za a haɗa lambobin ba. Kamar ka auna kaya a sikeli biyu ne ka ce kayan sun ragu.

Wani a nan ya taɓa tambaya a kan gwajin jijiya, wanda ake ɗan ja mutum da lantarki, to bari in haɗa. Gudun saƙo ake aunawa a cikin jijiyar. A hannun mai lafiya yakan kai mita 50 zuwa 60 a sakan ɗaya, a ƙafa kamar 40 zuwa 50. To sanyi kaɗai yana rage shi, kowane digiri ɗaya da zafin fata ya sauka yana cin kusan mita 2 a sakan. Mutum ya shiga da hannu sanyi ƙalau, takarda ta nuna jijiya ta yi sanyin gudu alhali lafiyarta lau. Don haka mai aikin da ya san abin da yake yi sai ya ɗumama hannun ya kai wajen digiri 32 kafin ya fara. Tazarar da saƙon yake bi ma da tef ake aunawa a kan fata, kuskure kaɗan ya sauya lissafin. Haka ɗan zaren roban nan mai giram 10 da ake taɓa tafin ƙafar masu ciwon suga da shi, in ya sha aiki yana laushi, ya daina bada nauyinsa.

Saboda haka Hajiya, in kun koma, ki roƙi a ce mutum ɗaya ya riƙa gwada shi, a kwanciya iri ɗaya, in da hali da na'ura. Ku kuma a gida ku lura da abin da ba ya buƙatar likita: yana tashi daga kujera ba tare da dafa wani abu ba? Yana jan ƙafar fiye da da? Takalmi yana zame masa bai sani ba? In duk waɗannan suna nan yadda suke watan jiya, ni na fi zargin bambancin hannun likitocin.

Amma fa ki ji wannan da kyau. In kuka ga raunin yana ƙaruwa cikin kwanaki, ko ya hau ɗaya ƙafar ko hannu, ko fitsari da bayan gida sun fara kufce masa, ko baki ya karkace, ko numfashi yana masa wuya, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi asibiti a take. Ki turo min hoton takardun biyu ta gefe, ina so in ga ko tsoka ɗaya ma suka gwada. Ki gaishe min da Baba. Wassalam.