Na saya da kuɗina, ya za a yi a goge min?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Don Allah wai da gaske ne kamfani zai iya goge littafin da mutum ya saya a wayarsa? Ni ɗaliba ce, na tara ɗan kuɗi zan sayi littattafan firojet a intanet sai yayana ya ce kar in kuskura, kuma kin san yadda dala take yanzu. Ƙanwarki daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Yayanki bai yi ƙarya ba, an taɓa yi. A Yulin 2009 Amazon ta goge littattafan George Orwell guda biyu, 1984 da Animal Farm, daga Kindle ɗin mutane a Amurka, wato na'urar karanta littattafai da take sayarwa, ba ko sallama, wai wanda ya ɗora su ba shi da izinin sayarwa. An mayar da kuɗi kam, shugaban Amazon na lokacin, Jeff Bezos, ma ya fito ya ba da haƙuri, amma akwai wani ɗan sakandare da ya zauna ya rubuta bayanan aikin makarantarsa a jikin littafin, littafi ya tafi, bayanan suka rage ba a san shafin da suke nufi ba, har sai da ya kai ƙara kotu. Wallahi nan ne ya fi min ciwo, kuɗi ai ba za su biya wahalar yaron nan ba. A 2019 kuma Microsoft ta rufe shagon littattafanta, duk abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa, ita ma dai ta mayar da kuɗi.

Abin da ke faruwa shi ne yawancin shagunan nan izinin karatu kawai suke sayar miki, littafin na kulle da wani makulli da ake kira DRM, su ke riƙe da shi. In a kasuwar Katsina kika sayi na takarda ai mai shago ba zai biyo ki gida ya ƙwace ba, to me ya sa za a ce mutane su yarda da wannan? Ni gaskiya ban ga adalci ba.

Ban ce kar ki saya ba fa. Amma kafin ki biya ki duba ko za ki iya sauke shi a PDF ko EPUB (shi ma nau'in fayil ɗin littafi ne) mara makulli, in ya sauka ki ajiye kwafi a memori ko filash. Ki lura tun Fabrairun 2025 Amazon ta cire damar sauke littafin Kindle a kwamfuta don turawa ta kebul. Bayanan firojet ɗinki kuma ki rubuta su a littafin rubutu, da babi da lambar shafi.